Gonar Baba Isidro

Luningning ta sa hannu a shafi na uku, lauya ya buga hatimi. Shi ke nan gonar shinkafar mahaifinta ta koma hannun Renato, ɗan baffan mijinta.

"Kin karanta takardar wakilcin da tsohon ya ba ki kuwa?" lauyan ya tambaya. "Amfaninsa doka ta ce ki duba. Kuɗin nan sun yi kaɗan."

"Asibiti ba ya jira," ta ce, idonta a ƙasa.

Gaskiya ne, sai dai da saura. Wani maƙwabci ya taya gonar da daraja, mijinta Dodong ya kafe a kan sai Renato, ita kuma ta bi shi.

Ta shiga motar haya zuwa asibiti a cikin birnin Iloilo. Mahaifinta Baba Isidro na kwance a gadon da ke jikin taga, wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ta buɗe kwanon kunun shinkafa ta fara ba shi.

"Ga ta nan," ya ce wa tsohon da ke gadon kusa, harshensa na sarƙewa. "Cikin 'ya'ya biyar ita na wakilta. Tun tana ƙarama, in ka aike ta sayen soyayyen kifi, ko jelar ba ta gutsira a hanya."

"Ka more," tsohon ya ce. "Ni nawa ko kaza na ba su ajiya, sai dai in tarar da gashin."

Suka yi dariya. Kunu ya ɗiga daga cokalin a rigar Baba.

"An sayar?" ya tambaye ta.

"An sayar, Baba. Renato ya saya."

"Madalla. Ba ta fita daga dangi ba."

Aka yi oda a ƙasa. Dodong ne a kan jan babur, ledar kujerar ma bai cire ba. Tukuicin da Renato ya yi masa alkawari ke nan, in aka bar masa gonar da araha.

Baba ya ɗaga kai da ƙyar ya leƙa. Fuskarsa ta washe.

"Mijinki ya yi abin hawa? Allah ya sa albarka. Kin huta da bin motar haya. Sauka mana, kar ki bar shi a rana."

Luningning ta goge masa rigar a hankali. Aka sake yin oda, ba ta waiwaya ba. Ta jawo kujera kusa da kunnensa mai ji.

"Baba," ta ce, "ba ka tambaye ni nawa aka saya ba."