Nauyin Kwandon Misis Zammit

Da yammacin Talata Lindsay Corrigan ya fito domin ya kai shara bakin titi, sai ya tarar kwandunan sharar maƙwabciyarsa Misis Zammit ba sa inda ya saba ganinsu. Gidajen layin nan manne suke da juna, bango ɗaya ke raba kowa da kowa, kuma babu hanya ta baya. Saboda haka kwandunan kowane gida a ɗan filin gaba suke zama, bayan shingen ƙarfe, mai jan murfi kusa da mai ruwan ɗorawa. Tun da mijin Misis Zammit ya rasu, Lindsay ne ke jan nata tare da nasa, washegari idan motar shara ta wuce ya mayar, ba tare da ya taka cikin gidan ba. Yau kuwa tukwanen fure biyu ya gani a gurbinsu, sababbi fil, ko takardar farashi ba a ɓare ba.

Bai bukaci a gaya masa aikin wane ne ba. Raymond, ɗanta tilo, ya daɗe yana son ya sayar da gidan ya kai ta gidan tsofaffi, ita kuwa ta rantse gawarta kaɗai za ta bar wannan layi. A watan jiya ma sun yi cacar baki da Lindsay a jikin shingen nan. Raymond ya ce uwarsa tana ramewa, ba ta cin abinci. Lindsay ya ce, "Ni nake jan kwandonta, aboki. Ya fi nawa nauyi. Wanda ba ya ci, da me zai cika kwando?" Wannan hujja ce ta rufe bakin Raymond a ranar, kuma Lindsay ya sha maimaita ta ga duk wanda ya tsaya ya saurare shi.

Ya ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfin da ya fi yadda ya yi niyya. Tsohuwar ta buɗe, sanye da rigar sanyin marigayin.

"Za ka karya mini ƙofa ne, Lin? Ka bari a sayar tukuna."

"Ina kwandunan, Misis Zammit?"

"Suna tsakar gida, can baya. Dillali zai turo mai hoto, wai kwandon shara yana rage wa gida daraja." Ta taɓe baki. "Na ce to ni ma a ajiye ni can baya, kada in fito a hoton."

"Kuma wa zai fito da su? Ke?"

"Raymond ya ce zai zo da kansa idan ya tashi aiki."

"Zai zo," in ji Lindsay. "Kamar yadda ya zo gyaran famfo."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya shekara yana wuce shara bai taɓa sa mata hannu ba, sai ranar da ta tsone wa mai saye ido. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya bi siririyar hanyar da ta ratsa gidan, ya wuce ɗakin girki, ya fita tsakar gida. Ya kamo mai jan murfi ya karkata shi bisa tayoyinsa. Nauyin nan da ya sani yana nan, har ya ji daɗinsa a kafaɗa.

Sai dai ba a gina hanyar domin kwando ba. Akwai 'yar matakala tsakanin ɗakin girki da zauren, kafet ɗin kuma ya tattare a wurin. Taya ɗaya ta maƙale, Lindsay ya fizga cikin fushi, kwandon ya kife, murfin ya wangale.

Robobin abinci ne suka zubo, masu murfi, irin waɗanda Raymond ke kawowa duk Lahadi daga girkin matarsa. Miyar zomo, taliya, dankali da nama. Kowace a cike take, kowace a rufe, wasu har sun yi fumfuna daga ciki. Ban da su babu komai sai ledar burodi da ganyen shayi.

Lindsay ya ɗago ya dube ta.

"Kada ka dube ni haka, ɗana," ta ce.

"Ba ki son girkin ne?"

"Girkinta ba laifi. Gishiri ne dai ba ta sani ba." Ta yi ƙoƙarin dariya, abin bai yiwu ba. Sannan ta zaro hannayenta daga aljihun rigar ta miƙa masa. Yatsun sun kumbura, sun karkace, gaɓoɓin kamar an ɗaure su da igiya. "Ba sa buɗuwa. Na gwada da cokali, na gwada da wuƙa har na yanke. Idan na ce masa ba na iya buɗe roba, me kake tsammani zai ce? Ka kwashe su, don Allah, kafin ya zo."

Ya durƙusa ya fara kwashewa. Yana tunanin watannin da ya yi yana jan yunwar matar nan zuwa bakin titi yana alfahari da nauyinta. Amma tunanin bai zauna a kansa ba, domin wani ya fi shi zafi: ɗa ya kawo wa uwarsa abinci Lahadi bayan Lahadi, ya jera a firij, ya sumbaci goshinta, ya duba agogo ya fita, bai taɓa zama ya ga loma ɗaya ta shiga bakinta ba.

Bai kai rabi ba aka turo ƙofar gaba. Raymond ne, da kayan ofis a jikinsa, makullin mota a hannu.

"Me ya faru a nan? Mama, me wannan mutumin yake yi a cikin gida?"

"Kwando ne ya faɗi," ta yi saurin cewa. "Tarkacensa ne, nasa ya cika ya zuba a nawa."

Ta buɗe wa Lindsay hanyar rufa mata asiri ke nan, kuma ya gan ta sarai. Da ya gyaɗa kai kawai, da shi ke nan. Amma ya dubi Raymond, ya ga yadda yake ɗage ƙafar wandonsa kada shara ta taɓa shi, sai ya miƙe da roba a hannu ya dangwara masa ita a ƙirji.

"Naka ne. Buɗe."

Raymond ya sa babban yatsa, murfin ya ɓalle nan take.

"Ka ga sauƙinsa? To dubi hannun uwarka. Burodi da shayi take ci, kai kuma kana can kana auna inda tukunyar fure za ta zauna. Ko sau ɗaya ka taɓa jan kujera ka buɗe mata? Abin da take bukata ke nan, mutumin da zai buɗe roba. Ni zan riƙa yi, tunda kai ba ka da lokaci."

Ya yi zaton kunya za ta durƙusar da mutumin. Raymond ya dubi hannayen, fuskarsa ta sauya, idanunsa suka kawo ruwa. Ya ajiye robar a hankali a kan matakala.

"Tun yaushe, Mama?"

Ta dubi robobin da ke zube a ƙasa.

"Watanni ke nan, kuma babu wanda ya sani," in ji Raymond, muryarsa ƙasa ƙasa. "Har da kai da kake auna lafiyarta da kwando." Ya zaro wayarsa. "Gidan tsofaffi sun ce akwai ɗaki idan muna so. Na so in jira sai an sayar. Ba zan jira ba."

Ya fita ƙofar gida yana neman lambar. Lindsay ya buɗe baki domin ya kira shi, ya rasa da wace hujja.

Misis Zammit ta mayar da hannayenta cikin aljihu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Abu ɗaya na roƙe ka, Lin," ta ce. "Sa takalmanka ka tafi."