Yatsun Kunnuwa

Ni ce telar gidan talabijin. Ni nake ɗinka 'yan tsanan da ake zura wa hannu a shirin yara na dogon hutu. Mu masu wannan sana'a ba ma yi wa 'yar tsana yatsu biyar. Huɗu muke yi, don biyar cunkushewa suke a kyamara, hannun ya koma kamar nonon ayaba. Haka na koya, haka na yi wa Kunnuwa, zomon da yara suka fi so, kuma shekara biyu ba wanda ya tsaya ƙirgawa.

Ranar da abin ya faru ce 'yata Auta ta fara shiga cikin yaran da ke zama kan darduma a gaban kyamara. Shekararta biyar. Da yatsu huɗu aka haife ta a hannun hagu, kuma tun da aka yi mata dariya a makaranta take ɓoye shi. Duk rigunanta sai da na ƙara musu tsawon hannu. Sati guda na yi ina lallashinta kafin ta yarda ta zo.

Kai tsaye ake nuna shirin. Ina bayan labule, tef ɗin awo a wuya, sai na ji Anti mai gabatarwa ta ce, "Yara, yau biyar za mu koya! Kunnuwa, ɗaga hannu mu ƙirga."

Tun Litinin aka ba ni takardar shirin, ni kuwa sarkin wayo na ƙunshe maɓallai a cikinta ban karanta ba.

Dogo, mai motsa zomon, yana kwance a ƙarƙashin tebur, ya ɗaga hannun. Yara suka ɗauka da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai tsit. Anti ta juya hannun zomon tana neman na biyar kamar zai faɗo daga hammata.

"Anti, hannunsa bai cika ba!" in ji wata mai kitso biyu. Ɗakin ya ɓarke da dariya.

Ban damu da aikina ba a lokacin, wallahi. Auta kawai nake kallo. Ta sunkuyar da kai, ta ƙara jan hannun rigarta. Na ce shi ke nan, da hannuna na kawo yarinyar nan a yi mata dariya a gaban gari guda. Darakta yana can bayan gilashi yana nuni a saka talla.

Dogo bai san zancen Auta ba. Neman mafita kawai yake. Ya karkata kan zomon, ya maƙale murya ya ce, "To, sai me? Da huɗun nan nake cin karas, da su nake sosa kunne. Ku dai a ara mini ɗaya mu gama lissafi."

Yara suka yi ta miƙo hannu. Auta ce ta tashi. Ta taka har gaban tebur, ta naɗe hannun rigar, ta ɗora tafinta kan na zomon.

"Ni ma huɗu gare ni," ta ce.

Dogo ya sa zomon ya leƙa hannun da kyau. "Kai! Ashe ina da yaya ban sani ba!"

Auta ta ƙyalƙyale. Ta ɗaga yatsa ɗaya na hannun dama ta jera kusa da na zomon, Anti ta sake ƙirgawa, yara suka yi ihun biyar har mai kyamara ya toshe kunne. Ni dai zama na yi kan akwatin tsumma. Na yi ajiyar zuciya, na share ido da ƙyallen da na tanada don wutsiyar kada.

Da aka tashi, darakta ya fito yana share gumi. "Tela, kafin gobe ki ƙara masa yatsa."

"Kawu, kar a taɓa masa," in ji Auta.

Ya dube ta, ya dube ni, ya sosa ƙeya. "To, ranki ya daɗe. An fasa."

Muna isa gida, ko mayafi ban cire ba, ta kwaso rigunanta ta zube mini kan keken ɗinki.

"Umma, ki rage musu hannu. Zafi suke sa ni."