Kusurwar da ke Bayan Labule

Ranar Juma'a aka zo aka gaya musu su kwashe kayansu daga zauren kafin azahar ɗin Lahadi, domin a cikinsa za a yi wasan barkwancin da za a tara musu kuɗin gina wurin kwana.

Iyali goma sha ɗaya ne a zauren, duk daga ƙauyukan bayan Sakaba da 'yan bindiga suka ƙone tun farkon damina. Zauren na wata ƙungiyar 'yan kasuwa ne a cikin garin Zuru. Da baki aka ba su aronsa, babu takarda. Kowa ya shata iyakarsa da buhu da tabarma. Gladys ta sami kusurwar da ke bayan dandamali, inda rufin ba ya yoyo, saboda mahaifiyarta, Mama Rebecca, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun bara. Gladys ce ta goya ta har bakin titi ranar da suka gudu. Tun daga ranar Hausa ta fita daga bakin tsohuwar, sai yarensu na C'lela kawai, shi ma da ƙyar, ga tari daga baya ya sauka mata a ƙirji.

Madam Nkiruka ce ta kawo saƙon. Kantin magani take da shi kusa da kasuwa, kuma ta sha ba su magani ba ta karɓi ko sisi ba. Ita ta yi ta yawo shago shago tana sayar da tikiti, ita ta roƙi Muntaka, mai barkwancin da ake kira Sajan Wake, ya zo daga Mahuta ya yi wasan kyauta. Ta ce rana ɗaya ce kawai, su zauna a ƙarƙashin darbejiyar da ke harabar, da an tashi su koma.

Gladys ta saurara har ta gama. Ta taɓa jin wannan maganar. A makarantar firamaren da suka fara sauka an ce musu su fita rana ɗaya za a yi fenti. Da suka dawo da yamma suka tarar da sabon kwaɗo a ƙofa. Kwana huɗu Mama ta yi a barandar wani shago, can ta samo tarin.

Gladys ta ce wa Madam ita dai ba za ta fitar da Mama ba.

"'Yar'uwata, don ku fa ake yi," in ji Madam Nkiruka. "Ciyaman ɗin ƙungiya zai zo, manyan mutane za su zo. In sun ga tabarma da bokiti za su ce ba mu shirya ba."

"Madam, in ta fita ba za ta sake shiga ba. Na sani."

Madam ta rantse mata da Allah cewa za su koma. Gladys ba ta musa ba, ba ta kuma tashi daga inda take zaune ba. Daga ƙarshe Baba Francis mai gadi, tsohon soja mai jan ƙafa ɗaya, ya kawo dabara. Ya ce ai dama za a rataya labule a bayan dandamali, sai a matso da shi gaba kaɗan, kusurwar ta shige bayansa. Sharaɗi ɗaya ne, kada a ji motsinsu. Madam ta yarda, amma ta ce kada Ciyaman ya sani.

Lahadi bayan an taso daga coci aka fara shigo da kujerun roba. Sauran iyalan suka yi ta jidar kaya zuwa gindin bishiya, tukwane a cikin buhu, yara riƙe da tabarmi. Sama ta haɗa hadari ta gabas amma bai taso ba. Aka rataya labulen, shuɗi mai kauri, kusurwar ta yi duhu da zafi. Gladys ta jingina Mama da jikinta, ta ajiye kofin ruwa da tsumma kusa da hannu.

Ba ta ga wasan ba, jin sa kawai ta yi. Ta ji zauren ya cika har ana rigimar kujera. Ta ji addu'ar fasto, ta ji ta liman. Sannan aka ji takun manyan takalma a kan katako, dandamalin ya girgiza har cikin bayanta, aka fashe da dariya tun mutumin bai buɗe baki ba.

Sajan Wake ya ce shi tsohon soja ne da ya yi ritaya amma gidansa bai sani ba. Kullum asuba sai ya yi wa awakinsa fareti. Bunsurunsa ya kai kofur, ya rage masa girma saboda ya ci takardar fanshonsa. Ya ce ya yi yaƙi a ƙasashe uku bai taɓa ja da baya ba, sai ranar da matarsa ta tambaye shi ina cefane. A Zuru kusan kowane gida akwai soja, don haka kowa ya ga babansa ko kawunsa a ciki. Mata suna ihu suna cewa wallahi haka yake, maza suna dukan kujera.

Tarin ya taso wa Mama a daidai lokacin da aka yi shiru ana jiran ƙarshen wani labari. Gladys ta ji shi yana tahowa tun daga ƙasan ƙirji. Ta kai tsumman bakin mahaifiyarta ta danne. Tsohuwar ta zaro ido tana kallonta, hannunta mai lafiya yana ƙoƙarin ture nata. Gladys tana raɗa mata da C'lela ta yi haƙuri, saura kaɗan, saura kaɗan. Da dariya ta ɓarke ta saki tsumman, Mama ta yi tarinta a cikin hayaniyar. Haka suka yi ta yi. In an yi shiru ta danne, in an yi dariya ta saki. Ta koyi lissafin numfashin mai wasan, ta san inda zai tsaya da inda za a fashe. Sau ɗaya ya ja labari ya yi tsawo, jikin Mama ya fara saki a hannunta, leɓenta ya canza launi, ita kuwa tana addu'a a zuci mutumin nan ya yi sauri ya ba su dariya.

Can Sajan Wake ya ce ga matarsa nan tafe da muciya, bari ya nemi mafaka. Ya yi tsalle ya faɗo bayan labule.

Ya kusa taka ƙafar Mama. Gajere ne, da hular kwano da ta yi masa yawa da gashin baki na gawayi da gumi ya fara wankewa. Ya dubi tsohuwar, ya dubi tsumman da ke hannun Gladys. A waje ana ta kiran Sajan ya fito in ya isa namiji.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "tun yaushe kuke nan?"

"Nan ne wurinmu. Don Allah kada ka faɗa."

Ya gyara hularsa ya koma. Daga nan bai sake barin zauren ya yi shiru ba. Ya sa su tafa hannu, ya sa su waƙar fareti, ya yi ta buga takalmi a katako har muryarsa ta dushe. Gladys ta ajiye tsumman. Mama ta yi tari son ranta, ta sha ruwa, ta lumshe ido.

Da aka gama aka zagaya da kwanon sha babba, mutane suka yi ta jefa abin da ya sawwaƙa. Sannan Ciyaman ya karɓi lasifika. Ya yi godiya, ya ce za a kafa kwamiti ya nemi fili, in an samu fili a sayi kwano da katako. Ya ce kuma yau idonsa ya buɗe, bai san zauren nan yana ɗaukar mutane haka ba. Tun a kujera mutum biyu sun nemi hayarsa don biki, na farko ranar Asabar mai zuwa. Saboda haka daga yau za a rufe shi a gyara, 'yan'uwanmu da ke waje kuma kwamiti zai duba inda za a sa su. Aka tafa masa.

Gladys ta ji muryar Madam Nkiruka kusa da dandamali tana cewa ba haka aka yi da ita ba, ta yi wa mutanen nan alkawari. Ciyaman ya ce a bari sai taron kwamiti. Ta ji Muntaka ma ya sa baki da dusasshiyar muryarsa, aka ce masa ya yi aikinsa an gode, sauran na masu zaure ne. Aka kwashe kujeru. Muryoyi suka yi nisa.

Da zauren ya zama wayam, takun Baba Francis ya matso, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Bai ɗaga labulen ba. Daga waje ya tsaya.

"'Yata, kin ji dai."

"Na ji, Baba Soja."

"An ce in kulle ƙarfe shida. Ba a ce in leƙa bayan labule ba. Amma in na kulle, na kulle. Makullin a gidan Ciyaman zai kwana. Ba shiga, ba fita. In jikinta ya tashi, ba ni da yadda zan yi in buɗe miki."

Ta tambaye shi har yaushe. Ya ce masu shara da masu ado sai Asabar da safe za su zo, daga nan kuma ba shi da sauran dabara. Abinci zai iya miƙo mata ta taga. Ya ce ta yi tunani da kyau, in za ta fito ta fito yanzu, ya taya ta ɗaukar tsohuwar zuwa gindin bishiya.

Iska ta fara kaɗa kwanon rufin. Daga harabar ana jiyo mata suna kiran yara, ana jan buhuna, wani yana bugun ƙofar gaba yana cewa a buɗe musu ruwa zai sauko. Gladys ta dubi mahaifiyarta, ta sa tafin hannu a ƙirjinta, ta ji yadda yake gurnani a ciki.

"Kulle, Baba."

Ya juya ya tafi. Ta ji ƙarar ƙofar ƙarfe, ta ji sarƙa, ta ji kwaɗo ya kama. Ba a jima ba ruwa ya sauko da ƙarfi.

Mama ta buɗe ido ta tambaya da C'lela ko baƙin sun tafi. Gladys ta ce sun tafi. Ta tambaya ina sauran mutanenmu, me ya hana su shigowa ga ruwa ana yi. Gladys ta ja zane ta rufe mata ƙafafu, ta ce suna nan tafe.