Shafi na Sittin da Huɗu

Ni na jera shafukan littafin nan tun daga bango har bango. Littafin gane tsuntsaye da tsirrai ne, ɗan madaidaici mai shiga aljihu. Wani farfesa ya shekara goma sha ɗaya yana haɗa shi, ni kuwa na ɓata shi cikin minti biyu.

Mai yi wa farfesan zane dattijo ne da ba ya ga maciji da kwamfuta. Ya zana ganye biyu gefe da gefe a takarda ɗaya, ya rubuta sunan kowanne a bayansa. Na ɗauki hoton gaban, na juya takardar, na kwafe sunayen yadda na gan su. Ban tuna cewa in an juya takarda dama takan koma hagu ba. Ganyayen kuwa kamar an tsaga kara. Ɗaya sassauta-ƙirji ake ce masa, ana dafa shi a sha saboda tari. Ɗayan sunansa kwanta-ka-huta, kuma wanda ya raɗa masa sunan nan ba da wasa ya yi ba. Bambancinsu ɗan gashi ne a ƙasan ganye, mai gashin shi ne mugun. A shafi na sittin da huɗu, ni na rubuta cewa mai gashin shi ne magani.

Sai da kwafi dubu uku suka fita farfesan ya bugo waya yana ihu. Manajan maɗaba'armu ya kira ni ofis, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Za mu manna takardar gyara a sauran da ke sito," ya ce. "Waɗanda suka fita sun fita. Ke, wa kika taɓa gani ya karanta littafi ya tafi yana dafa ciyawa? Ki ja bakinki ki yi shiru, in kina son kujerarki."

Na san mutum ɗaya da zai iya: Babana.

Kwafin farko da ya fito daga inji shi na kai wa. Baba tsohon akawu ne, tun da ya yi ritaya ya rasa abin da zai sa a layi sai takalman gidan. Ya buɗe shafin ƙarshe ya ga sunana da ƙananan haruffa, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Ba maƙwabcin da bai nuna wa ba. Tun daga ranar, kullum da safe sai ya ɗauki littafin da fensir ya nufi filin da ke bayan tankin ruwa. Duk abin da ya gani da idonsa sai ya yi masa alama. Kuma ba ya tsallake shafi, domin a wurinsa tsallake layi ɗan'uwan sata ne.

Mama kuma wata biyu ke nan tana tari. Irin busasshen tarin nan da ake ji ta bango, wanda ya raina duk kwalaben da aka rubuto mata a asibiti.

Ya kamata in kira Baba a ranar da farfesan ya bugo. Na kira ɗin, amma kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Auta! Yau na ga mai jan wuyan nan na shafi na talatin da ɗaya. Wallahi kamar shi ya zauna aka zana shi. Aikinku ba kuskure ko na ɗigo."

Sai na haɗiye maganata. Kunya ce ta kama ni, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Na yi lissafi irin na marar gaskiya: tsuntsaye sun kai shafi na hamsin, Baba ba ya wuce shafi biyu ko uku a rana. Ran Asabar zan je da gyararren kwafi in musanya, ba wanda zai sani.

Ran Laraba ya ce yana na arba'in. Ran Juma'a ya ce ya gama tsuntsaye.

"Tsirrai sun fi sauƙi," ya ce yana dariya. "Su ba sa tashi in sun gan ka."

A bayan muryarsa ina jin Mama tana tari.

Da hantsi na isa gidan ran Asabar, sabon kwafin na cikin jakata. Ƙofar a buɗe take. Takalman Baba na bakin ƙofa, da ɗanyen laka a jikinsu. Wani wari mai ɗaci-ɗaci ya tare ni tun daga falo, na bi shi har kicin. Ƙaramar tukunya na kan risho, an kashe wuta amma murfin da sauran ɗumi. Ga rariya a gefe, ga kofin Mama mai tsagaggen hannu, an sha an bar ɗan guntu. Littafin na kan tebur a buɗe, an danne shi da cokali. Na tsinci ganye ɗaya da ya faɗi ƙasa, na shafa bayansa da yatsa. Gashi ne lufluf.

Baba ya fito daga ɗaki yana sanɗa, fensir a bayan kunne, fuskarsa cike da murna.

"Sau uku na gwada shi da hoton," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mai gashin, yadda kika rubuta. Da littafin wani ne ai ba zan yarda ba."

"Baba, tun yaushe ta sha?"

Ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna min ƙofar ɗakin da haɓa.

"Yi a hankali, kar ki tashe ta. Saurara ki ji. Tun ɗazu ba ta yi tari ba ko sau ɗaya."