Zabin Baba Direba

"Ɗaya na ce, Tela, ɗaya tak! Kada ki wangale ƙofar."

Tela tana durƙushe a bakin akurki, hannunta ɗaya a ciki har kafaɗa, ɗankwalinta ya zame ya rufe mata ido. Ta lalubo zabuwa guda, ta jawo ta waje, ta tura ƙofar da gwiwa. Zabuwar ta fizge, ta dira tsakiyar kaji, ta tsaya tana miƙa wuya kamar baƙuwar da aka sauke a tashar da ba ta sani ba.

"Yanzu sai ta tashi, mu yi sallama da ita," in ji Tela tana kakkaɓe zaninta.

"Ba inda za ta," in ji Baba Direba daga kan kujerarsa. Ƙafafunsa da suka kumbura suna kan wata tsohuwar taya. "Saurara ki ji."

Shidan da suka rage a ciki suka ɗau kuka gaba ɗaya. Ta wajen ta amsa, ta ruga ta manne da ragar akurkin, tana kai da kawowa. Har yamma ba ta yi taku goma daga wurin ba.

Tela maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba su. Ɗinki take yi a ɗakinta na gaba, kuma duk layin an san ba wanda ya tsani zabi kamarta. Dalili kuwa, shekara biyu da suka wuce Baba ya sayo manyan zabi biyar a kasuwa, ya sake su cikin kajinsa. Kafin ya juya sun haye katanga, sun bi ta kan farin yadin wata mata da Tela ta shanya, sun bar mata shaida, suka wuce ba a sake ganinsu ba. Da ya ƙara sayo wasu, zakaransa, da ake kira Kwandasta saboda yawan surutunsa, ya hana su sakat har su ma suka gudu. Mai aski na bakin layi ya samu abin dariya. Duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji labarin direban da fasinjojinsa ke tserewa ta taga.

Baba bai daddara ba. Shekara talatin yana jan motar haya a doguwar hanya, kuma ya ce abin da ya fi burge shi shi ne garken zabi suna tsallaka titi da sassafe, a jere, ba sa ko kallon mota. Karo na uku sai ya samo ƙwan zabi goma sha biyu, ya sa wa wata kazarsa mai ɗingishi, Gurguwa, da ta fara kwanci. Kwana ashirin da ɗaya kaza ta saba yi, amma Gurguwa ta daure har ashirin da takwas. Tara suka ƙyanƙyashe.

A makon ne ciwon zuciyarsa ya tashi, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Wata safiya Tela tana kan keke ta ji ana buga katanga da sanda.

"Tela, raɓa ta kashe min 'yan zabi biyu. Na kasa sunkuyawa in kwashe su."

Ta shiga da niyyar ta taimaka sau ɗaya ta fita. Ta tarar da shi zaune, 'yan tsakin nan biyu a tafin hannunsa, yana hura musu iska ko za su motsa. Ta koma gida ta ɗauko ragowar ƙyallaye ta shimfiɗa wa sauran. Tun ranar, da safe da yamma tana gidan.

Shi ke ba da umarni, ita ke aiki. Ta raba akurkin biyu da ragar waya, kaji a gefe, Gurguwa da 'ya'yan riƙonta a gefe, suna ganin juna ba mai taɓa wani. Ta riƙa zuba hatsi a jikin ragar ta kowane ɓangare don su saba ci baki da baki. Kwandasta ya yi ta kai sara har ya ji wa zankonsa ciwo, daga baya ya gaji. Da zabin suka yi gashi, ɗigo-ɗigon jikinsu ya fito, aka fara sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Yau ɗaya, jibi biyu, bayan mako guda a saki huɗu.

Ranar da aka saki biyar, 'yarsa Auta ta iso da mota. Ta dubi ƙafafunsa, ta dubi kwalaben maganin da ke kan taga, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, likita ya ce ka koma wurina, kusa da asibiti. Na gyara maka ɗaki. Yau za mu tafi."

"Ki ba ni mako ɗaya."

"Saboda tsuntsaye, Baba?"

"Saboda ban taɓa barin mota a tsakiyar hanya ba."

Auta ta ja Tela zuwa bakin ƙofa. "Yaya, ki yi masa magana mana. Yana jin taki."

Tela ta murza awon ɗinkin da ke rataye a wuyanta. Ta san abin da likita ya faɗa, ta kuma san mako ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga mai irin wannan numfashi.

"Ƙanwata, ni ke ba shi maganinsa safe da yamma. Da safe in na shigo, abin da yake fara tambaya shi ne nawa suka kwana. Shi ke sa shi cin abinci. In kika ɗauke shi yau, jikinsa kawai za ki ɗauka."

Auta ta share ido. Ba ta tafi ba. Ta sa aka sauke jakarta, ta ce ita ma za ta ga ƙarshen wannan rigima.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya sa aka fitar da kujerarsa tsakar gida. Ya sa farar rigarsa. Mai aski ma ya rufe shago ya zo, wai gaisuwa.

"Cire ragar, Tela. Buɗe duka."

Ta cire. Zabi bakwai suka fito a jere, suka zagaya kwanon ruwa sau ɗaya. Sai babban cikinsu ya ɗaga kai, ya buga fiffike, ya hau katanga. Sauran suka bi shi. Suka tsaya can sama suna kallon fegin ciyawar da ke bayan gidajen, sannan suka dira ta can.

"To, Baba," in ji mai aski yana danne dariya, "fasinja sun sauka."

Tela ta miƙe tsaye. Wata huɗu na wahala. Ta jawo takalmanta.

"Zauna," in ji Baba. "In kika bi su, kora ce. Ki ba su lokaci."

Rana ta take, ta karkata. Auta ta kawo masa abinci, ya ce a ajiye. Tela ta koma kan kekenta, ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta dawo. Gurguwa tana ta ɗingishi a gindin katanga tana kira. Baba kuwa idonsa na kan katangar, ƙirjinsa yana hawa da sauka da ƙyar. Tela ta dube shi ta ji tsoro ya kama ta. In ba su dawo ba, da wane ido za ta kalli Auta?

Inuwar katanga ta kai bakin akurki lokacin da suka ji kukan. Daga nesa ya faro, yana matsowa. Kai ɗaya ya leƙo ta saman katanga, sai na biyu.

"Uku," in ji Auta a hankali. "Huɗu. Baba, biyar!"

"Shida!" Mai aski ne, ya miƙe tsaye bai sani ba.

Ta bakwai ta makara, ta faɗo a gurguje tana faɗa da kowa. Suka sauka tsakiyar kaji. Kwandasta ya taso ya buɗe wuya, babban zabon ya tsaya ya dube shi. Sai Kwandasta ya sunkuya ya tsinci ƙwayar hatsi kamar dama abin da ya kawo shi ke nan. Gurguwa ta shige akurki, zabin suka bi ta, kaji suka bi bayansu.

Baba ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Tela ta rangaɗa guɗa, ta rungume Auta.

"Mai aski! Ƙirga min fasinja!"

"Sun cika, Direba. Wallahi sun cika. Na janye maganata."

"Ku ɗaga ni."

Suka riƙe shi ta kowane gefe. Mutumin da ya yi watanni bai taka ba ya ja ƙafa har bakin akurki, ya rufe ƙofar da hannunsa, ya sa sakata. Ranar ya cinye abincinsa tas, ya nemi ƙari.

Kwana huɗu ya ƙara. Kullum da yamma sai a fito da shi ya ƙirga, kullum bakwai. Ranar Laraba da hantsi, Auta tana haɗa masa kaya don tafiyar da ya yi alkawari, Tela ta shigo da maganinsa da kofin ruwa. Yana kan kujera, kansa ya ɗan karkata, rana a fuskarsa. Ta kira shi sau biyu. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta je ta kama hannun Auta.

Da yamma tsakar gidan ta cika da masu ta'aziyya, tsofaffin direbobi da maƙwabta, an shimfiɗa tabarmi har bakin akurki. Mai aski yana ba wani baƙo labarin ranar Asabar, yana cewa da idonsa ya gani. Ba wanda ya tuna da tsuntsaye sai da suka dira daga katanga. Suka tsaya, hanya a toshe.

Tela ta tashi ta naɗe gefen tabarma. Mutane suka janye ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, magana ta tsaya. Zabin suka ratsa ta tsakanin takalman da aka tuɓe, a jere, ba gaggawa. Wani ɗan gashi mai ɗigo-ɗigo ya saki daga jikin ta ƙarshe, ya yi ta lilo a iska, ya sauka cikin takalmin wani tsoho.