Baba a Gaban Likita

Yaya ce ta dage sai an kai Baba asibiti. Wai ya bar butar shayi a kan wuta har ta ƙone, wai maƙwabci ya tsince shi yana cigiyar gidansa alhali a ƙofar gidan yake tsaye. Ni kuwa na ce wa bai taɓa ƙona buta ba? Ita kanta Yaya tukwanen da ta ƙona sun isa buɗe shago, ba wanda ya kai ta gaban likita. Na san inda ta dosa: a rufe gidan, a kwashe Baba da littattafansa zuwa ɗakin baƙinta. Shi kuma ya sha faɗa cewa gawarsa ce kawai za ta bar gidan nan. Muka yanke cewa abin da likita ya gani shi za a bi.

Ni na raka shi, hankalina kwance. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da tarihi da labarin ƙasa, wace tambaya ce za ta kayar da shi? Tun a bencin jira ya kama aiki. Ya karanta wata sanarwar Turanci a bango, ya girgiza kai, ya ce wanda ya rubuta ta a mai da shi firamare.

Likitan matashi ne mai sanyin murya. Da ya ji sana'ar Baba, sai ya tambaye shi ina Kogin Nilu yake zuba. Ai kuwa an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Ya gyara zama, ya ɗauko kogin tun daga tushe, ya ratsa da shi ƙasa bayan ƙasa har Bahar Rum, ya ƙara da sarakunan da suka yi mulki a gaɓarsa. Har na fara tsara baƙar maganar da zan gaya wa Yaya.

Sai likita ya tambaye shi wane wata muke ciki. Baba ya yi murmushi ya ce shi likitan me ya gani? Na yi dariya, na ce haka yake, malami ne, ba ya ba da amsa a ɓagas. Mu ma da muna yara, ka tambaye shi ma'anar kalma ya nuna maka ƙamus. Likita ya gyaɗa kai, ya tambayi abin da ya ci da safe. Baba ya ce wannan ba ta cikin manhaja. Na sake dariya, amma ni kaɗai.

Likita ya ajiye biro, ya nuna ni.

"Baba, wannan da ta rako ka, wace ce?"

Baba ya dube ni cikin mutunci, kamar yadda ake duban baƙuwa. Sannan ya juya wajen kujerun da babu kowa a kai.

"To, wa zai taimaka mana?"

Zuciyata ta karye. Murmushin yana nan a fuskarsa, amma na gane ya daɗe yana wannan dabarar shi kaɗai. Ban iya barinsa yana jira ba. Na ɗaga hannu.

"Autarka ce, Malam."

"Daidai," in ji shi, ya sauke numfashi. "Madalla, yarinya."

A ƙofar asibiti na kira Yaya, na ce ta nemo kafinta, littattafan Baba ba za su shiga ɗakin nan ba sai an kafa musu katako a bango.