Cokalin Yaya

Auta na cikin goge wa Inna leɓe da jiƙaƙƙiyar auduga sai ga Yaya ya turo ƙofar ɗakin asibitin da ƙafa. Turarensa ma ya riga shi shigowa. Matarsa na biye, flas a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Har yanzu ba su ba ta komai ba?"

"Ina kwana, Yaya. Ai ba za a ba ta ba. Yau za a sa robar, sun ce cikin ya zama wayam."

Yaya ya ja tsaki, ya hakimce a kujerar da Auta ke kwana a kai.

Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, haɗiya ta ƙi. Abin da aka sa mata a baki, maimakon ya bi hanyar ciki sai ya zarce huhu. An gwada siririyar roba ta hanci, Inna ta sa hannunta mai lafiya ta fizge, aka mayar, ta sake fizgewa. Shi ne likita ta ce a huda fatar ciki a sa robar kai tsaye, a riƙa ɗura mata abinci ta nan.

Jiya ta tara su ta yi bayani dalla-dalla. Akwai wadda ake zura kyamara ta baki har ciki, a ga wurin da haske, sannan a huda. Akwai wadda ake yi da hoto daga waje, mutum idonsa biyu, a kashe wurin da allura kawai. Sai kuma tiyata sosai, a sa mutum barci a buɗe shi. Ta ce babu wadda ba ta da haɗari, ko wacce wurin na iya yin ruwa ko jini, amma ga tsohuwa mai zuciya irin ta Inna, tiyata ita ce ta ƙarshe. Tunda numfashinta lafiya lau, a yi ta kyamara.

Yaya kuwa tiyata yake so. Wai su ba ƙananan mutane ba ne da za a yi wa uwarsu ƙaramin aiki. Ka ji fa. Mutumin da ko launin fo ɗin Inna bai sani ba. Auta ce ta rufe shagon ɗinkinta, ta bar yara wurin babansu, ita ce juyawa, ita ce wanka, ita ce wankin zanin gado. Shi nasa ya zo ya tsaya a kan gado kamar mai duba gini, ya ɗau hoto, ya tafi.

Da aka kira azahar Auta ta ɗauki mayafinta.

"Yaya, zan je masallacin can ƙarshen baranda. Don girman Allah, ko ɗigon ruwa."

"Ke za ki koya min kula da uwata? Je ki, malama."

Tun daga baranda ta jiyo tarin a hanyar dawowa. Ba tari irin na mura ba, wani ne mai gurgur kamar ana zuba ruwa a kwalba. Ta watsar da takalma ta ruga.

Yaya na zaune a bakin gado, kofi a hannu, ya jiƙa burodi a shayi ya dama. Cokalin na bakin Inna. Matarsa ta ɗaga waya sama tana ta rangwaɗa murya, "Inna, kalli nan, yi mana murmushi mana!" Inna kuwa idanu sun firfito, hawaye na zuba, leɓenta ya fara duhu.

"Innalillahi! Sista! Sista!"

Nas ta shigo da gudu, ta ture Yaya gefe da gwiwar hannu, ta juya Inna a kan haƙarƙari, ta kunna injin zuƙa. Abin da ya riƙa fitowa ta bututun, shayi ne da ɓarɓashin burodi. Ta ɗora mata abin iska a fuska, sannan ta juyo.

"Wa ya ba ta?"

"Ni. Uwata ce," in ji Yaya, yana karkaɗe hannun riga. "Ta kalle ni, na ga yunwa a idonta."

"To huhun ma nata ne, ranka ya daɗe."

"Ai ta haɗiye na farko lafiya," matar ta sa baki. "Ga shi nan a waya, in kina so ki gani."

Nas ba ta ko kalli wayar ba.

Likita ta zo ta daɗe tana sauraren ƙirjin Inna, gaba da baya. Da ta ɗago, Auta ta kalla, ba Yaya ba.

"Ta kyamara ta fita daga lissafi. Da wannan numfashin ba zan sa a zura mata komai a maƙogwaro ba. Za mu fara magani, mu ci gaba da ƙarin ruwa, mu ga ko zazzaɓi zai taso. In ƙirjin ya lafa, sai a yi ta hoto."

"Kin gani ko?" Yaya ya tafa hannu. "Ni dama kyamarar nan ba ta kwanta min ba. Allah ne ya yi amfani da ni. Yanzu sai a yi tiyatar kawai a huta."

"Da wannan ƙirjin? In na sa ta barci, ba ni da tabbacin za ta farka." Likita ta rataya abin awonta a wuya. "Abu ɗaya nake roƙo. Kada komai ya sake bi ta bakinta. Wata ƙwarewar ba lallai ta ɗauka ba."

Yaya ya gyaɗa kai kamar shi ne ya ba da shawarar. Likita na fita ya dubi matarsa.

"Burodin ne ya yi kauri. Na ce miki ki ƙara ruwa. Anjima madara zalla za mu kawo."

"Yaya, ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Na ji. Yarinyar da aka haifa jiya? Ke dai tunda kika kwana biyu a asibiti kin zama likita. Da allurar ɗinki da ta asibiti ba ɗaya ba ne, Auta."

Matar ta ƙyalƙyale da dariya. Suka fita, suka bar kofin a kan durowa, ƙuda har ya same shi.

Ba a jima ba wayar Auta ta fara ƙara kamar gyare. Zauren 'yan uwa na waya ne, an tura bidiyon da matar Yaya ta ɗauka. An yanke tarin tsaf, an bar cokalin farko kawai, an rubuta wai alhamdulillahi yau Inna ta ci abinci daga hannun babban ɗanta. Sai addu'o'i ke zuba. Wannan ya ce Allah ya yi albarka, wancan ya ce ɗa na gari ke nan. Gwaggo har da aiko murya: "Ai dama na faɗa, hannun ɗa namiji daban ne. Auta kuma a riƙa haƙuri ana lallaɓa ta tana ci, kada a bar baiwar Allah da yunwa."

Auta ta kifa wayar. Ta wanke kofin, ta wanke cokalin, ta cusa su can ƙasan jaka. Ta je ta samu nas.

"Sista, zai dawo fa. Da madara."

"Na faɗa wa mai gadi, amma ba ya binciken flas. Ni kuma kin ga ɗakunan nan duk nawa ne. Ki hana shi mana."

Faɗa da baki ai da sauƙi. Yaya ne ya riƙe ta bayan rasuwar Baba, shi ya aurar da ita. Tunda take ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, in ma ta ɗaga, kafin gari ya waye dangi sun gama yanka ta da baki. Ta koma ta zauna ta riƙe hannun Inna. Hannun ya fara ɗumi.

Da magariba ta yi, ba ta je masallaci ba. Ta yi alwala a banɗakin ɗaki, ta ɗauko sallaya. Alƙiblar ɗakin ƙofa take kallo, ƙofar kuma ƙarama, mutum ɗaya take ci. Ta buɗe ta, ta shimfiɗa sallayar a bakinta daidai, kan sallayar har ya leƙa baranda. Yaya dai mutum ne da ya taɓa zabga wa ɗanta mari ranar da yaron ya gifta gabansa yana salla, ya kuma yi wa gidan wa'azi har abinci ya huce.

Tana raka'ar ƙarshe ta ji turaren. Takalma masu sheƙi suka tsaya a gefen sallaya. Ta yi tahiya, ta sallame, kafin ya buɗe baki ta miƙe.

"Allahu akbar."

Yaya ya yi gyaran murya. Ya dubi agogo. Ya mayar da flas ɗin ɗaya hannun.

"Auta, in kin sallame ki ɗan matsa."

Ta sallame. Ta miƙe. "Allahu akbar."

"Wannan wace irin salla ce kamar ta mai bin bashin shekara?" in ji matar ƙasa-ƙasa. "Ka raɓa ta gefe mana."

"Ke, rufe min baki. Mutane na kallo."

Suna kallo kuwa. Masu jinya na zaune a kan benci, har da wani dattijo mai carbi da ya kafe Yaya da ido.

Auta ba ta da dogayen surori, iya na ƙasan nan ne ta haddace. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta gama, ta koma farko. A sujada kuwa ba wasa take ba. Huhun Inna take roƙa wa, da zazzaɓin da ke tasowa, da ranar hoto. A bayanta abin iska na ta huci a hankali, ƙirjin Inna na hawa yana sauka. Gwiwoyinta suka yi tsami, ba ta fasa ba.

Can sai ga mai gadi yana buga sandarsa a ƙarfen baranda. "Masu dubiya, lokaci ya yi! A fita, a fita!"

Yaya ya miƙa wa matarsa flas ɗin da ƙarfi har murfin ya yi ƙara. Ya dubi dattijon, ya dubi Auta da ke zaune tana tahiya, ya ce ta cikin haƙora, yadda kowa zai ji:

"To, Allah ya karɓa."

Ta sallame dama, ta sallame hagu.

"Amin, Yaya. Sai da safe."

Ba ta naɗe sallayar ba.